Gazawar tashin kwamfuta ta dalilin RAM da kash

Gazawar tashin kwamfuta yanayi ne da ake kunna kwamfuta amma ta kasa kaiwa inda babbar manhaja, kamar Windows ko Linux, za ta buɗe har a fara aiki da ita. Dalilan hakan suna da yawa. Wannan maƙala ta taƙaita ne a kan waɗanda suka shafi sassa biyu masu riƙe bayanai na ɗan lokaci, wato RAM da kuma ƙaramar ma'ajiyar cikin furosesa da ake kira kash. Alamomin da aka fi sani sun haɗa da fanka tana juyawa amma fuskar kwamfuta baƙa ƙirin, ƙarar gargaɗi mai maimaituwa, tsayawa cak a kan tambarin kamfani, fitowar shuɗiyar fuska mai rubutun kuskure, da kuma kwamfuta ta riƙa kashe kanta tana sake kunnawa.

Tashin kwamfuta yana bin matakai ne a jere, kuma matakin da ya tsaya a kai shi ke nuna sashen da ya kamata a fara tuhuma. Wannan ita ce ƙa'idar da binciken matsalar ya ginu a kanta. Sanin ta yana da amfani musamman a wuraren da kayan gyara ke nesa, kamar ƙananan hukumomin Bodinga da Shagari a Jihar Sakkwato, domin goge faifai a sake ɗora Windows, wanda ake kira fomatin, ba ya gyara lalatacciyar RAM, kuma yana iya tafiya da takardun da ke cikin kwamfutar baki ɗaya.

Kalmomi

Yawancin kalmomin wannan fanni aro ne daga Turanci. Masu gyara suna cewa kwamfuta "ta tashi" ko "ta ƙi tashi", kamar yadda ake faɗa wa mota da janareto, kuma wannan fi'ilin ya wadatar ba tare da aro ba. Furosesa ita ce sashen da ke aiwatar da umarni da lissafi, wasu marubuta na kiranta ƙwaƙwalwar kwamfuta. RAM taƙaitaccen suna ne da ake furtawa "ram", ana kuma fassara shi da ma'adanar wucin gadi. Kalmar kash Turanci ya aro ta daga Faransanci, inda tushenta ke nufin ɓoyewa. Ba ta da alaƙa da "kash!" na takaici a Hausa, kamannin furuci ne kawai. Ana iya kiran kash da ma'ajiyar kusa. Babban allon da duk sassa ke haɗuwa a kansa, masu gyara na ce masa bod. A nan an yi amfani da "sanda" ga siririn allon da ke ɗauke da RAM, da "gurbi" ga ramin da ake soka sandar.

Bambancin RAM da kash

Ana iya kwatanta ma'adanan kwamfuta da ajiyar hatsi a gida. Faifan ajiya kamar rumbu yake: yana ɗaukar abu mai yawa, yana riƙe shi ko babu wuta, amma ɗebo abu daga cikinsa na ɗaukar lokaci. RAM kamar buhun da aka shigo da shi ɗaki ne. Kash kuwa ƙwaryar da ke gaban mai girki ce, ƙarama amma hannu ɗaya ake miƙawa. Furosesa tana samun abin da ke cikin kash na matakin farko a kusan kashi ɗaya cikin biliyan na daƙiƙa, yayin da ɗauko shi daga RAM kan ninka wannan lokacin sau gommai.

RAM ɗin da ake amfani da shi a yau nau'in DRAM ne, wanda Robert Dennard na kamfanin IBM ya ƙirƙiro a 1966. Kowane bit yana zaune a taransista ɗaya da kafasita ɗaya. Cajin kafasitar yana zurarewa, don haka dole a riƙa sabunta shi, bisa al'ada cikin kowane kashi 64 cikin dubu na daƙiƙa. Idan zafin RAM ɗin ya wuce digiri 85 a ma'aunin Salsiyas, ƙa'idar masana'antu ta ce a ninka saurin sabuntawar. Intel ta fitar da samfurin 1103 a 1970, wanda shi ne DRAM na farko da ya karɓu a kasuwa.

Kash ana yin sa da nau'in SRAM, mai taransista shida ga kowane bit a yawancin ƙira. Ya fi sauri, ba ya buƙatar sabuntawa, amma ya fi tsada da cin wuri. Maurice Wilkes na Jami'ar Kambrij ya bayyana tunanin a wata takarda a 1965, sannan IBM ta sanar da kwamfutar System/360 Model 85 mai kash a 1968. Furosesar Intel 486 ta 1989 ta zo da kash mai kilobayit 8 a cikinta. A zamanin 486 da Pentium na farko, kash na mataki na biyu yana kan babban allo ne, ana iya cire shi a sauya. Daga ƙarshen shekarun 1990 ya koma cikin furosesa. A yau ana da matakai uku, L1 da L2 da L3, dukkansu a cikin furosesa, saboda haka idan kash ya lalace furosesar ake sauyawa.

Akwai wani sauyi da ya shafi bincike. A da, sashen da ke sarrafa RAM yana kan babban allo. AMD ta mayar da shi cikin furosesa a 2003, Intel ta bi sahu a 2008. Tun daga nan, matsalar da ta yi kama da ta RAM tana iya fitowa daga furosesa ko daga mazauninta.

Yadda kwamfuta ke tashi

Mataki na farko na wuta ne. Idan aka danna makunni, akwatin wuta yana daidaita ƙarfin lantarki, sannan ya aika wa babban allo alamar cewa wuta ta zauna daidai. Sai an samu wannan alamar furosesa ke fara aiki.

A mataki na biyu furosesa tana karanta manhajar tushe daga wani ɗan guntu da ke kan allo. Tsohon nau'in wannan manhaja shi ne BIOS, sunan da Gary Kildall ya fara amfani da shi a 1975 kuma ya yaɗu da kwamfutar IBM PC ta 1981. Sabon nau'in shi ne UEFI, wanda aka kafa ƙungiyar kula da ƙa'idarsa a 2005, kodayake har yanzu mutane BIOS suke kiransa. A wannan lokacin RAM bai fara aiki ba tukuna. Saboda haka a yawancin kwamfutocin zamani manhajar tushe tana aron kash ɗin furosesa ta yi amfani da shi a matsayin RAM na wucin gadi. Wannan ne ya sa furosesa mai mummunar lalacewar kash ba ta nuna komai a fuska, wani lokacin ko ƙarar gargaɗi ba ta yi.

A mataki na uku ake tayar da RAM. Kowace sanda tana da ɗan guntu mai suna SPD da ke ɗauke da bayanin girmanta, saurinta da ƙarfin wutar da take buƙata. Manhajar tushe tana karanta shi, ta gwada lokutan aika saƙo har ta samu wanda ya zauna. A kwamfutoci masu DDR5 wannan gwajin yana iya ɗaukar mintuna a kunnawar farko, fuska na baƙa, ba tare da akwai wata matsala ba.

Mataki na huɗu shi ne gwajin kai da ake kira POST, inda ake duba sashen hoto, allon rubutu da faifai. A nan tambarin kamfani ke fitowa. A mataki na biyar manhajar tushe tana miƙa ragama ga ƙaramar manhajar lodi da ke kan faifai, kamar Windows Boot Manager ko GRUB. A mataki na ƙarshe ake kwashe cibiyar babbar manhaja da direbobinta zuwa RAM. A nan ne aka fara cika RAM sosai, don haka lalacewar da ke can wani lungu na sanda, wadda gajeren gwajin POST bai gano ba, takan bayyana a wannan mataki.

Alamomi gwargwadon mataki

Idan babu haske, babu motsin fanka, matsalar ta mataki na farko ce. Caja, batir, akwatin wuta ko babban allo ake dubawa, RAM ba ya cikin waɗanda ake fara tuhuma.

Idan fanka na juyawa amma fuska baƙa, tashin ya tsaya a mataki na biyu ko na uku. Kwamfutar takan faɗi dalili ta hanyar ƙara ko ƙyaftawar fitila, kuma ma'anar ta danganta da kamfani. A tsohon BIOS na AMI, gajeriyar ƙara sau 3 tana nufin kuskure a kilobayit 64 na farkon RAM, sau 11 kuwa kuskuren kash. A yawancin tsofaffin kwamfutocin hannu na HP, fitilar Caps Lock tana ƙyaftawa sau 3 idan matsalar ta RAM ce, sau 2 idan BIOS ya gurɓace, sau 1 idan furosesa ce. A sababbin Dell Latitude, ƙyaftawar ruwan lemo sau 2 da fara sau 3 na nufin ba a ga RAM ba, ruwan lemo sau 2 da fara sau 4 kuma na nufin RAM ɗin ya gaza. Littafin kowane samfuri shi ne hujja, domin lambobin suna sauyawa.

Idan tambari ya fito sannan aka ga rubutun cewa ba a samu faifan tashi ba, RAM da kash sun riga sun wuce gwajin farko. Faifan ajiya da tsarin jerin tashi ake dubawa.

Idan Windows ya fara lodi sannan ya faɗi da shuɗiyar fuska, sunan kuskuren yana ba da haske. MEMORY_MANAGEMENT da PAGE_FAULT_IN_NONPAGED_AREA suna nuna an samu tangarɗa wajen sarrafa ma'adana, ko daga RAM ko daga direba. WHEA_UNCORRECTABLE_ERROR da MACHINE_CHECK_EXCEPTION suna nufin na'urar da kanta, galibi furosesa, ta kai rahoton kuskuren da ta kasa gyarawa, kuma kuskuren kash yana cikin irin wannan. Akwai wata alama mai amfani: kuskuren direba yakan dawo da suna ɗaya a wuri ɗaya, amma lalatacciyar RAM takan kawo sunaye mabambanta a lokuta mabambanta. Haka kuma idan ɗora sabon Windows yana katsewa wajen kwafe fayiloli ko da an sauya filashin da ake ɗorawa da shi, RAM ake zargi.

Musabbabai

Rashin zama daidai. Haƙoran sandar RAM masu ruwan zinariya dole su taɓa na gurbi ɗaya bayan ɗaya. Jijjigar tafiya, ƙura, tsatsa, da faɗaɗawa da tsukewar da zafi da sanyi ke jawowa suna iya raba su. Wannan shi ne musabbabin da ya fi sauƙin gyara.

Rashin dacewa. An fitar da DDR2 a 2003, DDR3 a 2007, DDR4 a 2014, DDR5 a 2020. Kowanne yana da tsaga a wuri daban don kada ya shiga gurbin wani. A kwamfutar hannu DDR3 na da haƙora 204, DDR4 na da 260. Tarkon yana tsakanin DDR3 mai bolt 1.5 da DDR3L mai bolt 1.35, domin siffarsu ɗaya ce. Kwamfutocin hannu masu furosesar Intel ƙarni na huɗu, waɗanda suka fito a 2013 kuma suna da yawa a kasuwar kayan hannu, DDR3L suke buƙata, kuma da yawa ba sa tashi da DDR3 na bolt 1.5. Sandunan da aka ciro daga manyan kwamfutocin saba, masu alamar R bayan lambar sauri, ba sa aiki a kwamfutar tebur ta gida ko da sun shiga gurbi. Wasu tsofaffin alluna kuma ba sa gane sandar da aka yi da guntaye masu girma fiye da na zamaninsu.

Lalacewar guntu. Tsufa, hauhawar wuta, da tartsatsin lantarkin jiki suna iya kashe wani ɓangare na sanda. Wani bincike da aka wallafa a 2009 a kan manyan kwamfutocin Google ya nuna sama da kashi 8 cikin ɗari na sanduna suna samun kuskure a shekara, kuma yawancin kurakuran daga lalacewa ta dindindin suke.

Mazaunin furosesa. Tun 2004 haƙoran furosesar Intel ta kwamfutar tebur suka koma cikin mazauninta a kan allo. Idan ɗaya ya lanƙwashe, gurbin RAM guda ko biyu na iya daina aiki alhali sandunan lafiyarsu ƙalau.

Zafi da wuta. Yawancin furosesoshi suna rage gudu idan zafinsu ya kusa digiri 100, su kashe kansu idan ya wuce haka. Wutar da ba ta kai ba, ko saurin da aka ƙara wa furosesa fiye da ƙa'ida, suna haifar da kuskuren kash ko da furosesar ba ta lalace ba. Lalacewar kash ta haƙiƙa ba ta da yawa idan aka kwatanta da sauran dalilai, shi ya sa ake barin tuhumar furosesa zuwa ƙarshe.

Saitin BIOS. Ƙaramin batir mai lamba CR2032, mai bolt 3, shi ke riƙe agogo da saiti. Idan ya mutu, kwanan wata yakan koma baya kuma saiti ya rikice.

Yanayin Bodinga da Shagari

Bodinga da Shagari suna cikin ƙananan hukumomi 23 na Jihar Sakkwato, a kan babbar hanyar da ta tashi daga birnin Sakkwato ta bi ta Tambuwal zuwa Jega a Jihar Kebbi. A ƙidayar 2006 Bodinga na da mutane sama da 170,000, Shagari kuma sama da 150,000. Ana amfani da kwamfuta a sakatariyar ƙaramar hukuma, makarantu, da shagunan buga takardu da rajistar intanet. Buƙatar ta ƙaru bayan hukumar JAMB ta fara jarabawa ta kwamfuta a 2013 kuma ta mayar da ita dole ga kowa a 2015, sannan ta sake ƙaruwa da umarnin haɗa lambar NIN da layin waya a Disambar 2020. Ga mai shago, kwamfutar da ta ƙi tashi a lokacin rajista asarar ciniki ce. Ga ɗalibi kuwa, tana iya zama asarar kundin bincike.

Abubuwa huɗu na yankin suna da alaƙa da wannan matsala. Na farko zafi. Daga Maris zuwa Mayu zafin rana a yankin Sakkwato yakan wuce digiri 40, alhali manyan kamfanoni suna sanya digiri 35 a matsayin iyakar zafin wurin da za a yi aiki da kwamfutar hannu. Kwamfutar da ke tashi lafiya da safe ta riƙa faɗuwa bayan azahar, zafi ake fara tuhuma.

Na biyu hunturu. Daga Nuwamba zuwa Fabrairu ƙura tana toshe fanka da ƙarfen sanyaya, tana kuma shiga gurbin RAM. Bushewar iska tana ƙara tartsatsin lantarkin jiki, irin wanda ake ji idan an taɓa ƙofar mota, kuma tartsatsin da bai kai mutum ya ji ba yana iya lalata guntu. Idan damina ta zo, ƙurar da ta taru takan sha laima ta jawo tsatsa.

Na uku wuta. Jihar Sakkwato tana ƙarƙashin kamfanin rarraba wuta na Kaduna, tare da Kaduna, Kebbi da Zamfara, kuma ƙa'idar wutar Najeriya bolt 230 ce. Shaguna da yawa suna sauyawa tsakanin wutar gwamnati, janareto da sola. Lokacin sauyawar, da lokacin da man janareto ke ƙarewa yana tari, ƙarfin wuta yana hawa da sauka, kwamfutar tebur marar kariya kuma ita ke fara shan wahala.

Na huɗu kasuwa. Kwamfutoci da yawa na hannu ne, waɗanda ake shigowa da su ta Legas, inda kasuwar Computer Village ta Ikeja take, su biyo ta Kano ko kai tsaye zuwa Sakkwato. Irin waɗannan sukan zo da sandunan da aka haɗa daga kwamfutoci daban-daban. Tunda a birni ake samun yawancin kayan gyara, gwajin da ba ya buƙatar sayen komai yana rage zirga-zirga da kashe kuɗi a banza.

Matakan bincike

Ana farawa da mafi sauƙi, kuma abu ɗaya ake sauyawa a kowane gwaji, don a san wanda ya yi tasiri.

1. A rubuta alamar: yawan ƙara ko ƙyaftawa, sunan kuskure, da abin da aka yi wa kwamfutar kafin ta fara, kamar ƙara RAM, faɗuwa, ko ɗaukewar wuta.
2. A cire caja da batir idan yana cirowa, a zare duk abin da aka soka ta USB, a danne makunni na kimanin daƙiƙa 30, sannan a gwada da caja kaɗai.
3. A haɗa wata fuskar ta waje. Idan hoto ya fito, fuskar kwamfutar ce ta lalace.
4. A kashe wuta gaba ɗaya, a taɓa ƙarfe don sauke lantarkin jiki, a cire sandunan RAM ana riƙe su ta gefe. A goge haƙoransu da tsumma marar gashi da aka ɗiga wa sifirit mai tsabta, a bari su bushe. Masu gyara da yawa suna amfani da kilinar goge fensir, amma dole a yi a hankali a kuma kakkaɓe ɓurɓushinta. A hure gurbi da abin hura iska, ba da baki ba, saboda laima.
5. A mayar da sanda ɗaya tak a gwada. A bi da kowace sanda a kowane gurbi. Idan sanda ɗaya ta gaza a ko'ina, ita ce ta lalace. Idan kowace sanda ta gaza a gurbi ɗaya, matsalar ta gurbin ce, ko allo, ko mazaunin furosesa.
6. A kunna ba tare da RAM ba. Allon da ke da rai yakan yi ƙarar gargaɗi ko ƙyaftawa. Idan ya yi shiru, kuma an tabbatar yana da lasifikar gargaɗi ko fitila, tashin bai wuce mataki na biyu ba.
7. A mayar da BIOS saitinsa na asali, a sauya batirin CR2032 idan ya yi rauni. Kafin haka a rubuta yanayin da aka saita faifai a kai, domin sauya shi yana kawo kuskuren INACCESSIBLE_BOOT_DEVICE. Idan an kulle faifan da BitLocker, a tanadi mabuɗinsa mai lambobi 48.
8. Idan kwamfutar na nuna hoto, a gwada RAM da manhaja. Memtest86, wadda Chris Brady ya fara fitarwa a 1994, da ƙanwarta Memtest86+ suna tashi daga filashi ba tare da Windows ba. Windows kuma tun daga Vista yana da nasa magwajin, ana buɗe shi da umarnin mdsched. Ana barin gwajin ya yi zagaye da yawa, bisa al'ada huɗu, kuma kuskure ko guda ɗaya abin dubawa ne.
9. A share fanka da ƙarfen sanyaya, a sauya man da ke tsakanin furosesa da ƙarfen idan ya bushe.
10. Sai bayan duk wannan ake tuhumar kash. A tsofaffin BIOS akwai zaɓin kashe kash na ciki da na waje. Idan kwamfuta ta tashi bayan an kashe shi, duk da za ta yi nauyi ƙwarai, an gano mai laifi. A sababbi babu wannan zaɓin, don haka ana amfani da manhajar gwajin furosesa ta Intel, ko Prime95, ko a gwada wata furosesar da aka san lafiyarta.

A kwamfutocin hannu na zamani da yawa an manne RAM da furosesa a kan allo da dalma. Irin waɗannan ba a cire musu sanda, gyaransu sai mai injin aikin allo.

Batun fomatin

RAM da kash suna mance komai da zarar wuta ta ɗauke. Takardu, hotuna da manhajoji suna kan faifan ajiya ne. Saboda haka kwamfutar da ta ƙi tashi ta dalilin RAM ba ta rasa takardunta ba. Ana iya ciro faifan a haɗa shi da wata kwamfutar, ko a tayar da Linux daga filashi a kwashe fayilolin. Tayar da Linux daga filashi gwaji ne shi ma: idan ya yi aiki na tsawon lokaci lafiya, zargi ya koma kan Windows ko faifai. Ci gaba da aiki da lalatacciyar RAM yana da nasa haɗarin, domin duk fayil ɗin da ya bi ta cikinta kafin a adana shi yana iya gurɓacewa. Windows ɗin da aka ɗora a irin wannan yanayi yakan buƙaci a sake ɗora shi bayan an sauya sandar.

Fitattun misalai

A 1978 Timothy May da Murray Woods na Intel suka gano cewa burbushin sinadarai masu fitar da tururin nukiliya a cikin kwanson guntu yana juya bit a DRAM ba tare da guntun ya lalace ba. Irin wannan kuskure na daga cikin dalilan da suka sa manyan kwamfutoci ke amfani da RAM mai gyara kuskurensa, wato ECC.

A tsakiyar shekarun 1990 an sayar da allunan 486 masu guntayen kash na bogi, roba zalla ba komai a ciki, tare da BIOS da aka sauya don ya nuna akwai kash.

A 2007 aka gano aibi a furosesoshin Phenom na farko na AMD wanda ya shafi kash na L3 kuma yana iya sandarar da kwamfuta. Gyaran da aka yi ta BIOS ya rage gudu, sai a 2008 aka fitar da samfurin da aka gyara.

A ranar 19 ga Yulin 2024 wani sabuntawa na manhajar tsaro ta CrowdStrike ya jefa kwamfutocin Windows kimanin miliyan 8.5 cikin shuɗiyar fuska, bisa ƙiyasin Microsoft. Manhajar ce ta nemi karanta wurin da bai halatta ba a ma'adana, sandunan RAM ɗin kuwa ba abin da ya same su. An gyara ta hanyar goge fayil guda. Wannan ya nuna sunan kuskure kaɗai bai isa hujjar sayen sabuwar RAM ba sai an yi gwaji.

Rigakafi

Ana rage aukuwar matsalar ta hanyar ɗora kwamfutar hannu a kan tebur maimakon katifa ko darduma, rufe ta da ƙyalle bayan an kashe ta, da share fanka a ƙarshen hunturu kafin zafin bazara ya shigo. Kwamfutar tebur tana buƙatar sitabilaiza ko UPS, kuma ana zare ta daga soket kafin a tayar da janareto ko a kashe shi. Mai sayen RAM ya karanta takardar da ke jikin tsohuwar sandar, ya lura da bambancin PC3 da PC3L da PC4, ya kuma nemi a gwada sabuwar a cikin kwamfutarsa kafin ya biya. Mai sayen kwamfuta ta hannu yana iya gudanar da gwajin da ke cikin na'urar, wanda ake shiga da F2 a HP ko ta jerin F12 a Dell. Muhimman takardu kuma ana ajiye kwafinsu a filashi ko a intanet, ta yadda ko an kai ga sauya allo ko furosesa aikin da aka yi yana nan.